Ruwan zafi da kwaɗo: abin da ya sa cutar da ke ƙarar da kwaɗin duniya ke shakkar ranar Damagaram

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Hamdara, gabas da Mirya, ba sai an jira sanarwar hukumar hasashen yanayi ba kafin a san damana ta zauna. Daren da aka sheƙa ruwan kirki na farko, kududdufai da tabkuna suka ɗauka, kwaɗi ne ke yin shela. Wata takwas ko tara ba a ji ɗuriyarsu ba, amma cikin dare ɗaya sai su cika gari da kuka, har mai kwana a tsakar gida ya rasa inda zai sa kunnensa. Jama'a sun saba da wannan hayaniya har ba sa lura da ita. Akwai ƙasashen da su ma haka suka saba, sai aka wayi gari rafukansu sun yi tsit.

Abin da ya rufe bakin waɗancan kwaɗi wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko a jikin bango mai laima. Sai dai ita wannan a ruwa take rayuwa, kuma ba a ganinta sai da madubin likita. Masana na kiranta Batrachochytrium dendrobatidis, a taƙaice Bd, wasu kuma su ce kitirid. A shekarar 1998 wata likitar dabbobi ƴar Ostareliya, Lee Berger, da abokan aikinta suka nuna cewa ita ce ke kashe kwaɗi a dazukan ƙasarsu da na Panama, kuma a 1999 Joyce Longcore ta Amurka da abokan aikinta suka raɗa mata suna. Wani babban ƙiyasi da mujallar Science ta buga a 2019 ya ɗora mata alhakin raguwar jinsi 501 na kwaɗi da danginsu, kuma 90 daga ciki ana ganin sun ƙare ƙurmus daga doron ƙasa. Babu wata cutar dabbobin dawa da aka san ta yi irin wannan ɓarna.

Hausawa na cewa ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne. A sha'anin wannan cuta maganar ta kusa juyewa: ruwan da ya ɗauki zafin rana shi ne wurin da kwaɗo ya fi samun lafiya, ruwan sanyi kuwa shi ne tarkonsa.

Kisa ta hanyar fata

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake yi a wuri mai laima, fatar cikinsa ta tsotso masa ruwan. Ta fatar yake samun wani ɓangare na numfashinsa, kuma ta nan yake daidaita gishirin jininsa. Saboda haka ciwon fata a wurin kwaɗo ba kamar makero ba ne a kan yaro, wanda zai yi ta susa yana wasansa.

Ƙwayar Bd tana fitowa da ƴar jela da take iyo da ita. Idan ta dace da kwaɗo sai ta kutsa cikin saman fatarsa, ta zama kamar ƴar jaka, ta hayayyafa a ciki, sannan ta fesar da sababbin ƙwayoyi waje. Wasu su koma jikin wanda suka fito, wasu su bi ruwa su sami na kusa. A zafin digiri 22 wannan zagaye kwana huɗu zuwa biyar yake ɗauka. Da ƙwayoyin sun yi yawa sai fatar ta yi kauri, ta daina aikinta. Binciken Jamie Voyles na 2009 ya nuna cewa gishirin jinin dabbar ne ke tsiyayewa har zuciya ta tsaya. Talibamban, wato ƴaƴan kwaɗi masu jela, a baki kawai cutar ke kama su, kuma yawanci ba ta kashe su. Sai ranar da suka fid da ƙafafu, fatarsu ta zama ta manya, sannan ta mamaye jikin.

Ba ta kama mutum. Dalilin shi ne tushen wannan bayani gaba ɗaya: jikin ɗan Adam yana tsaye ne a kan digiri 37, zafin da ƙwayar ba ta iya jurewa.

Iyakar da ma'auni ya shata

An auna wannan a ɗakunan gwaje-gwaje. Ƙwayar tana iya tsiro daga digiri 4 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyus, kuma ta fi walawa tsakanin 17 da 25. A digiri 28 girmanta yana tsayawa. A digiri 30, idan aka yi kwanaki, sai ta fara mutuwa. A digiri 37 awa huɗu ta ishe ta. Bushewa ma ajalinta ce: idan wurin da take ya bushe ƙayau na awa uku, ta tafi.

Shi kuwa kwaɗo ba shi da ɗumin jiki na kansa. Zafin wurin da ya zauna shi ne zafin jikinsa. Idan ya yi sanyi komai nasa yana yin nawa, har da garkuwar jikinsa, alhali ƙwayar a lokacin take cikin daula. Ko da sanyin ya kai inda girmanta ke raguwa, tana rama wa ta wata hanya: kowace jaka tana fid da ƙwayoyi masu yawa, kuma suna daɗewa a ruwa kafin su mutu. Shi ya sa kusan duk inda aka yi mummunar mutuwa, a kan tsaunuka masu hazo ne, ko a lokacin sanyi. Wani kwaɗo mai launin zinariya na tsaunin Monteverde a Kosta Rika, rabon da a gan shi tun 1989.

Gwaji ya tabbatar da ɗaya gefen. A 2003, a Ostareliya, Douglas Woodhams ya ajiye kwaɗi masu cutar a zafin digiri 37 na awa takwas, sau biyu, suka warke sarai. A jihar Arizona ta Amurka, inda ake da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kusa da rafukan sanyi, wani bincike na 2011 ya tarar cewa a ruwan da bai kai digiri 15 ba kashi 75 zuwa 100 cikin 100 na kwaɗin suna ɗauke da ƙwayar, amma a ruwan da ya haura digiri 30 ba su kai kashi 10 ba. Jinsi ɗaya ne, yanki ɗaya, ruwan ne kawai ya bambanta.

Kalandar Damagaram

Idan aka jera waɗannan alƙaluma kusa da yanayin jihar Damagaram, sai a ga ƙwayar ta zo ƙasar da ba ta yi da ita. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a birnin Zinder yakan kai digiri 40 ko ya ɗara. Ruwan sama na shekara wajen milimita 400 ne, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Ko a tsakiyar Agusta, lokacin da gari ya fi lumshi, rana takan haura digiri 30. Kududdufin da zurfinsa bai wuce gwiwa ba, idan ya wuni a rana, da la'asar ruwansa ya kusa na wanka. A nan kwaɗi ke taruwa, su yi barbara, su zuba ƙwai, wato daidai lokacin da cunkoso zai ba cuta dama, ruwan ya yi mata zafi.

Sannan tabkin ya ƙafe. Yawancin tabkunan yankin na damana ne: kafin ƙarshen shekara sun zama busasshen laka mai tsagewa, ana buga tubali a cikinsu. Duk shekara rana tana yi wa wurin wankin da babu maganin da zai yi masa.

Su kuwa kwaɗin ƙasa suke shiga. Bududdugi, babban nan mai faɗin baki, yakan haƙa ya nutse, ya lulluɓe kansa da saɓar fatarsa hawa-hawa har ta zama masa kamar kwasfa, ya kwanta watanni yana jiran ruwa. Wasu su shige cikin rairayi mai laima, ko ramuka, ko ƙarƙashin duwatsu. Kowa na kwance shi kaɗai, babu ruwan da zai ɗauko ƙwaya daga wannan ya kai wa wancan.

Darasin tulun Mirya

Amma kada a yi saurin cewa magana ta ƙare. Zafin da ake karantawa a rediyo na iska ne a tashar auna yanayi. Ba shi ne zafin fatar kwaɗo ba.

Duk wanda ya sha ruwan tulun Mirya a tsakiyar bazara ya san dalilin. Tulun yana naso, iska tana busar da nason, ruwan ciki ya yi sanyi ko da gari na ci da wuta. Kwaɗo tulu ne mai tsalle. Fatarsa kullum a jiƙe take, kuma iska busasshiya tana sanyaya shi ƙasa da zafin wurin. Ga shi kuma dabbar dare ce: da rana yana ɓoye a inuwa cikin laka, sai gari ya yi sanyi yake fitowa. Daren Agusta a Damagaram yakan sauka wajen digiri 22 ko 23, wanda ke tsakiyar abin da ƙwayar ke so. Abin da ke ceton kwaɗon damana shi ne ƴan awoyin rana da jikinsa ke haura iyakar. A Ostareliya an bi kwaɗin daji ana auna jikinsu, aka ga cewa gwargwadon daɗewar kowane ɗaya sama da digiri 25, gwargwadon raguwar yiwuwar a same shi da cutar.

Babbar ƙofa kuwa lokacin ɗari ce. A Disamba da Janairu daren Zinder yakan sauka wajen digiri 14 ko 15, ƙurar hunturu ta tare rana, iska kuma ta yi ta sanyaya fuskar ruwa. Kududdufan damana sun riga sun bushe, amma ba duk ruwan jihar ke bushewa ba. Akwai fadamun Korama, akwai lambunan Mirya, akwai tabkin Gidimuni da ke maƙwabtaka da Hamdara, wanda ke riƙe ruwa duk shekara kuma aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Akwai kuma ƴan ramuka da kwatamai da masu noman rani ke tara ruwan ban-ruwa. A irin waɗannan wurare wasu kwaɗi ba sa shiga ƙasa, musamman babban kwaɗon ruwa da masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis. Suna taruwa da yawa a ɗan ruwa kaɗan, cikin sanyi, wata biyu zuwa uku. Ga ƙwayar da ke juyawa cikin kwana biyar, wannan ba ƙaramin lokaci ba ne.

Abin mamaki, rijiya mai zurfi ba ta cikin wannan lissafi sosai. Matan da ke ɗibar ruwa da asubahin ɗari sun san ruwan rijiya da ɗuminsa yake fitowa, domin ƙarƙashin ƙasa yana riƙe matsakaicin zafin shekara. Buɗaɗɗen ruwa da ke kwana a iska shi ne mai yin sanyi.

Wani bincike da Jeremy Cohen da Jason Rohr suka jagoranta a 2017 ya ƙara wa wannan nauyi. Sun tattara bayanai daga sassan duniya, suka ga cewa kwaɗin da suka saba da ƙasar zafi sun fi kamuwa idan aka yi sanyin da ba su saba da shi ba, na ƙasar sanyi kuma idan aka yi ɗumin da ya wuce ƙa'ida. Ƙwaya ƙarama ce, tana saurin sabawa da sabon yanayi. Jikin kwaɗo yana ɗaukar lokaci. Idan haka ne, kwaɗon Sahel ba shi da lokacin rauni kamar shekarar da ɗari ya yi tsanani.

Sai an kawo ta

Duk wannan sai ƙwayar ta iso wurin tukuna. A 2013 Johannes Penner da Mark-Oliver Rödel na gidan adana kayan tarihin halittu na Balin, tare da abokan aikinsu, suka buga sakamakon gwajin kwaɗi kusan 800 daga ƙasashe bakwai: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gana, Gini, Laberiya da Saliyo. Ba a sami ƙwayar a jikin ko ɗaya ba, har a dazuka masu laima inda yanayin zai karɓe ta. Nijar ba ta cikin wannan jeri. Gabas da can kuwa labarin daban ne. An sami Bd a Najeriya, a gandun dajin Okomu da ke kudu da kuma Gashaka Gumti kusa da iyakar Kamaru. A tsaunukan Oku da Manenguba na Kamaru an ga kwaɗi sun ragu ƙwarai a daidai lokacin da ƙwayar ta bayyana da yawa. A Tanzaniya wani ɗan ƙaramin kwaɗo na kwazazzabon Kihansi, wanda gina madatsar ruwa ya riga ya raunana, ya ruguje a 2003, kuma a 2009 aka ayyana cewa ya ƙare a daji.

Ƙwayar ba ta iya tafiya mai nisa da kanta. Iyonta bai wuce ƴan santimitoci ba. Mutane ne suka yi mata jigila. An daɗe ana zargin wani kwaɗon Afirka ta Kudu da aka riƙa fitarwa duniya tun shekarun 1930 domin gwajin juna biyu: a yi masa allurar fitsarin mace, idan ya zuba ƙwai to tana da ciki. Amma binciken ƙwayoyin gado na 2018 ya nuna asalinta gabashin Asiya ne, wajen Koriya, kuma ta bazu ne cikin ƙarni na 20 tare da cinikin kwaɗi masu rai, na ci da na kiwon sha'awa. Tun 2008 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta sa ta cikin cututtukan da wajibi ne ƙasashe su ba da rahotonsu.

A wannan yanki ma ana fataucin kwaɗi. Binciken Meike Mohneke na 2010 ya nuna ana kamo su daga arewacin Najeriya, Benin, Nijar da Cadi ana kai su kasuwannin kudancin Najeriya, kuma masu kamu 32 kawai da aka tattauna da su suna tara kimanin miliyan 2.7 a shekara. Ta fuskar cuta wannan ciniki da sauƙi, domin busassu ko ƙyafaffu ake kai su, kuma rana da hayaƙi ba sa barin ƙwayar da rai. Illarsa ta wani gefe ce, ta yawan kamu. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne duk abin da ke tafiya a jiƙe: jarkoki da robobin ƴaƴan kifi da ake ɗaukowa daga wani ruwa a zuba a wani tabki, wanda talibamban kan iya biyowa, da komar masunta da ba ta bushe ba, da dashen itatuwa da ke zuwa da lakarsu. Maganin nan kuwa kyauta ne a Damagaram. Koma ko takalmin da ya wuni a shanye a rana ya tsarkaka.

Zafin ma yana da nasa kuɗin

Kuskure ne a ɗauka ƙaruwar zafin duniya alheri ce ga kwaɗin Sahel. Suna zaune ne dab da iyakar abin da jikinsu zai ɗauka. Talibamban tsere yake yi da rana: dole ya fid da ƙafafu kafin kududdufinsa ya ƙafe, abin da ke ɗaukar wasu jinsin mako biyu zuwa uku, wasu fiye. Idan ruwa ya ɗauke na kwana goma sha a tsakiyar damana, haihuwar wannan karo ta tafi. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna kashi 41 cikin 100 na jinsin kwaɗi da danginsu suna cikin haɗarin ƙarewa, kuma tun daga 2004 sauyin yanayi ya shiga sahun gaba cikin abubuwan da ke tura su. Yankin ya ga gefe biyu na wannan a shekara ɗaya: a Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, a Satumban shekarar kuma ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder. Ambaliya irin wannan tana haɗe tabkunan da a da kowanne ke zaman kansa, ta kwashi abin da ke wannan ta kai wancan.

Mai tambayar ina ruwansa da lafiyar kwaɗo, amsar tana gonarsa da gidan sauronsa. Kwaɗo yakan kwana yana cin ƙwari, gara da shinge da tsutsotsi da ƴaƴan fara, ba tare da an biya shi ba. A Kosta Rika da Panama, wani nazari na 2022 da Michael Springborn ya jagoranta ya bi sawun cutar gunduma bayan gunduma, ya ga cewa bayan mutuwar kwaɗi masassarar cizon sauro ta ƙaru na wasu shekaru, har kusan mutum ɗaya ƙari cikin kowane 1,000 a shekara lokacin da abin ya kai ƙololuwa. Alaƙa ce aka gani a lissafi, kuma can ba nan ba ne. Amma a ƙasar da gidajen likita ke cika da yara daga Agusta zuwa Oktoba, ba abin da za a yi wa dariya ba ne.

Kwaɗon da cutar ta ci ƙarfinsa yana da alamu: zai zauna a fili da rana tsaka bai ɓuya ba, ƙafafun baya a saɓule, fata tana saɓa fiye da kima, ciki ya yi ja, idan aka kifar da shi ya kasa juyowa. Waɗannan alamu ba hujja ba ne su kaɗai, domin maganin ƙwari da ake fesawa a lambuna yana iya zubar da kwaɗi haka nan, kuma a fadamun noman rani shi ne abin da ya kamata a fara zargi. Tabbaci sai an goga ɗan auduga a cikin dabbar da tsakanin yatsunta an kai ɗakin gwaji. Ba aiki ne mai tsada ba, bai fi ƙarfin ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou ba idan sun haɗa kai da jami'an gandun daji. Wanda zai yi shi kuwa, ba a watan Agusta zai fita ba lokacin da kwaɗi suka cika ko'ina. Janairu zai jira, ya nufi ruwan da bai ƙafe ba.

A 2024 wani matashin masani, Anthony Waddle na Jami'ar Macquarie da ke Sidni, ya buga sakamakon wata dabara a mujallar Nature. Ya jera tubalan gini masu ramuka, ya shafa musu baƙin fenti, ya rufe su da ƴar rumfar leda a rana, ya bar kwaɗi su shiga da kansu a lokacin sanyi. Suka riƙa shigewa ramukan suna gasa jikinsu, ƙwayar ta ragu, kuma waɗanda zafi ya warkar sun fi jure kamuwa ta biyu nesa ba kusa ba. Kayan aikin duka tubali ne da leda da rana. A Damagaram manyan duwatsun da suka kewaye Birni, da tubalan da ake shanyawa a bakin tabki, suna riƙe zafin yini har bayan isha'i, ko a tsakiyar ɗari, kuma a gindinsu ake tarar da kwaɗi idan aka ɗaga.